Contessa 32: Jirgin Da Zai Jiƙa Ka, Amma Ya Dawo Da Kai Gida

Kawuna da ya yi shekaru yana fiton mutane a Yauri ba ya sayen kwale-kwale yana kan ruwa. Sai an jawo shi gaɓa an kifar, ya bi cikinsa da tafin hannu tun daga goshi har wutsiya, sannan a yi maganar kuɗi. Ban san na gaji wannan ɗabi'a ba sai ranar da na tsinci kaina a wata farfajiyar ajiye jirage a gaɓar kudancin Ingila, cikin sanyin Fabrairu, ina zagaya wani jirgi da aka ɗora bisa ƙarafa, ina shafa cikinsa. Contessa 32 ne, jirgin ruwa mai tafiya da ƙyallen iska, ƙirar 1978. Mu uku muka haɗa kuɗi muka saye shi: ni, da wata 'yar Ayilan da muke aikin jinya tare a Southampton, da wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga gyaran injinan manyan jiragen ruwa. Bana shekararsa shida a hannunmu. Duk sanda na aika hotonsa gida, tambaya ɗaya ake yi mini: da wannan ɗan abin kake shiga teku? Da shi nake shiga, kuma idan yau aka ce in sake zaɓe, shi zan sake ɗauka, duk da laifuffukansa da zan faɗa ba ɓoyewa.

Wanda ya gan shi a kan ruwa rabinsa kawai ya gani. Tsawonsa ƙafa 32, kusan mita 10, amma abin da ke taɓa ruwa ƙafa 24 ne, domin goshinsa da wutsiyarsa sun miƙe sun yi tsini sama da ruwan. Faɗinsa ƙafa 9 da rabi. Zurfinsa cikin ruwa ƙafa 5 da rabi. Nauyinsa ya ɗan haura tan 4, kuma kusan rabin wannan nauyi dalma ce, wajen tan 2, da aka binne a can ƙasa cikin kil, wato wannan tudun da ke rataye a ƙarƙashin jirgi yana hana shi kifewa, yana kuma hana iska tura shi gefe. Abin da ya fara shiga raina a ranar nan shi ne ban ga gaɓa ko ɗinki tsakanin kil ɗin da gangar jikin ba. Cikin jirgin ne ya lanƙwaso a hankali, ya tsuke, ya zama kil. Dalmar tana rufe a cikin faibar da aka yi jikin da ita, babu ƙusoshin da za su yi tsatsa ko su saki. A yawancin jiragen zamani kil ɗin ƙarfe ne daban da ake ɗaurewa da manyan notina a ƙasan ciki mai faɗi kamar faranti.

Na koma bayansa na duba allon da ake juya jirgi da shi. Ba a bar shi yana lilo shi kaɗai ba. Akwai wani madogari da ya sauko daga jikin jirgin, allon yana rataye a bayansa, a riƙe sama da ƙasa. Idan ka bi ta kan igiyar masu kamun ƙaguwa, wadda ta cika ruwan gaɓar nan, ko ka daki wani gungume da dare, madogarin ne zai fara karɓar dukan. Dattijonmu ya dafa allon da hannu biyu ya girgiza iya ƙarfinsa, bai motsa ba, sai ya ce mu shiga ciki mu gani.

David Sadler ne ya zana shi, injiniyan da asalin aikinsa a wajen ƙera tankokin yaƙi na sojan Birtaniya yake, tare da Jeremy Rogers, maƙerin jirage na garin Lymington. Sun riga sun yi ƙanensa, Contessa 26, a 1966, wanda suka ɗauko siffarsa daga Folkboat na ƙasashen arewacin Turai. Na 32 ya fito a 1971, ya ci kyautar jirgin da ya fi fice a baje kolin jiragen ruwa na Landan a 1972, kuma an ƙera fiye da 700, har da waɗanda kamfanin J.J. Taylor ya yi a Kanada. Har yau gidan Rogers yana nan a Lymington yana ƙera sabo ga mai so, yana gyara tsofaffi, yana sayar da kayan gyara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tsohon jirgi. Idan wani ƙarfe ya lalace, akwai inda za ka je a ba ka irinsa sak.

To amma ba a yabon doki a turke. Tafiyar da ta sa na yarda da jirgin nan ita ce wadda muka yi daga Yarmouth, a tsibirin Wight, zuwa Cherbourg a Faransa, a damina ta biyu da sayensa. Mil 60 na teku ne daga duwatsun Needles zuwa can, tafiyar awa 12 ko 13 ga jirgi irin namu. Hasashen yanayi ya ce iskar kudu maso yamma, mataki na 4 zuwa 5 a ma'aunin Bofot na ƙarfin iska, wataƙila ta kai 6 da yamma. Mun fita da asuba da janyewar ruwa, muka wuce ganuwar Hurst, muka bar Needles a hagu. Hanyarmu kudu ce, iska kuwa tana tahowa ta gaba-dama, wato dole mu matse ƙyallayen iska mu yi ta sarar iskar a kaikaice. Nan ne ake gane jirgi.

Da farko sai ya karkata. Wannan kowa ya sani game da shi, kuma yana tsorata baƙo. Siririn jirgi ne, ba shi da faɗin da zai tokare, don haka iska kaɗan ta isa ta kishingiɗar da shi. Yana kai wajen digiri 20 sai ya tsaya cak, kamar ya jingina da bango. Daga nan dalmar ƙasa ta karɓi aiki. Iska ta ƙaru, shi kuwa bai ƙara kwanciya ba sai kaɗan, gudu kawai ya ƙara. Da azahar muna tsakiyar mashigin, inda manyan jiragen dakon kaya ke ratsawa gabas da yamma, iskar ta haura abin da aka faɗa. Na'urarmu tana nuna not 26, wato mil 26 na teku a awa, wani lokaci 30. Ruwa ya juya yana gudu gaba da iska, raƙuman ruwa suka miƙe, gajeru masu tsayi, suna zuwa bi da bi. Muka rage babban ƙyalle sau biyu, muka naɗe fiye da rabin na gaba.

Ni ke riƙe da sandar tuƙi a lokacin. Contessa 32 yawanci da sanda ake tuƙa shi, ba da sitiyari ba, kuma duk abin da ruwa ke yi wa jirgin kana jin sa a tafin hannunka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sandar ba ta yi nauyi ba. Da yatsu uku na riƙe ta. Na taɓa tuƙa wani jirgin haya na zamani mai tsawo ɗaya da namu a irin wannan iska, duk bugowar iska sai faffaɗan gindinsa ya ɗaga, allon juyawa ya fita daga ruwa, jirgin ya kufce ya juya kansa cikin iska ko kana so ko ba ka so. Kuma duk raƙumin ruwan da ya hau, sai ya faɗo a kan shimfiɗaɗɗen cikinsa da ƙara kamar an yar da ƙofar ƙarfe, har haƙoranka su haɗu. Namu ba ya faɗowa. Goshinsa mai tsini ne, ƙirjinsa mai zurfi, yana yanka ruwan ya nutsa a hankali ya taso. Awa biyar muka yi a haka, gudunmu bai sauka ƙasa da not 5 da rabi ba, kuma ban ji ya buga ko sau ɗaya ba irin bugun da ke sa ka tuna da ginshiƙin da ke ɗauke da ƙyallaye da wayoyin da ke riƙe da shi.

Sai dai ruwan da bai buga ba, a kanmu ya ƙare. Turawan nan suna yi masa laƙabi da jirgin ƙarƙashin teku mai ƙyalle, kuma ba su yi masa ƙarya ba. Gefensa gajere ne, idan ya karkata kana iya miƙa hannu daga mazaunin matuƙi ka taɓa teku. Duk raƙumi na uku ko na huɗu sai ya hau goshi, ya gangaro ta saman ɗaki, ya watsa maka a fuska. Rumfar tamfol da ke bakin ƙofa tana kare na zaune gaba, matuƙi kuwa sai haƙuri. Na isa Cherbourg gishiri ya bushe a girata, ruwa ya bi ta wuyan riga har ciki. Wanda zai sayi jirgin nan ya sa kuɗin rigar ruwa mai kyau cikin lissafi tun farko, shi da duk wanda zai ɗauka.

Akwai abu ɗaya da muka yi a ranar da nake so in tsaya a kansa, domin a wurina shi ne ma'aunin jirgin teku. Wajen la'asar abokiyar aikina ta galabaita da amai, ni kuma ban yi salla ba, ba wanda ya ci wani abu mai zafi tun safe. Mun riga mun fita daga hanyar manyan jirage. Dattijo ya ce mu tsayar da shi. Yadda ake yi: ka juya jirgi ta cikin iska amma ka bar ƙyallen gaba a ɗaure a inda yake, iska ta buge shi ta baya, ka sassauta babban ƙyalle, ka tura sandar tuƙi gefen da iska ke tafiya ka ɗaure. Ƙyallen gaba yana tura goshi waje, allon juyawa yana mayar da shi, sai su yi kunnen doki. Cikin minti ɗaya hayaniyar nan duk ta mutu. Jirgin ya kwanta a kaikaice yana ɗan zamewa, yana hawa yana sauka kamar agwagwa, ruwa ya daina hawowa. Na sauka ciki na ɗora shayi a kan murhun da ke lilo a ƙugiyarsa, na duba kamfas na nemi wajen digiri 118, inda alƙibla take daga wannan yanki, na yi salla a zaune a kan gadon gefen ƙasa. Minti arba'in muka huta, sannan muka kwance muka ci gaba. Jirage masu siririn kil da cikin faranti da yawansu ba sa yarda su tsaya haka, sai su yi ta waige-waige. Dogon kil ɗin Contessa da nauyinsa su ne suka ba mu wannan hutu. A teku gajiya ce ke fara karya mutane tun kafin wani abu ya karye a jirgi, don haka jirgin da zai bar ka ka huta a tsakiyar iska ya biya rabin kuɗinsa.

Ba a maganar Contessa 32 a Birtaniya ba tare da an ambaci gasar Fastnet ta 1979 ba. Jirage 303 suka tashi daga Cowes, a tsibirin Wight, ranar 11 ga Agusta, za su zagayo dutsen Fastnet a kudancin Ayilan su dawo Plymouth, tafiyar mil 600 da 'yan kai. A daren 13 zuwa 14 ga wata guguwa ta riske su tsakanin Ingila da Ayilan. 'Yan gasa 15 suka rasu. An gudu an bar jirage 24, biyar suka nutse, waɗanda suka kammala ba su kai 90 ba. A rukunin ƙananan jirage, rukuni na 5, guda 58 suka fara, ɗaya tak ya kai ƙarshe: Contessa 32 mai suna Assent, mallakar Willy Ker, wanda ɗansa Alan ya ja tare da abokansa matasa.

Abin da ya fi wannan labari amfani a wurina shi ne binciken da aka yi bayansa. Masana a jami'ar Southampton sun auna Contessa 32 da wani jirgin tsere na yayin lokacin, mai faɗi, marar nauyi. Tambayar ita ce: idan raƙumin ruwa ya kwantar da jirgi, ina ne iyakar da zai kai ya iya miƙewa da kansa? Digiri 90 shi ne ginshiƙi ya kwanta a kan ruwa. Digiri 180 shi ne jirgi ya kife sarai, kil yana kallon sama. Na tseren yana wuce ƙasa da 120 sai ya daina ƙoƙarin dawowa, ya fi son zama a kife, domin faɗin nan da ke tokare shi a tsaye shi ne dai ke tokare shi a kife. Contessa kuwa sai ya haura 150 kafin ya kai wannan hali, kuma ko ya kife, ɗan turi kaɗan daga raƙumi na gaba ya isa dalmar ta juyo da shi. Ga mutanen da ke ɗaure da ɗamara a waje, kansu cikin ruwa, bambancin daƙiƙa biyar da minti biyu bambancin rai da mutuwa ne. Ni da na tashi a bakin kogi, na san gidajen da aka yi zaman makoki bayan haɗarin jirgin Wara na 2021, wannan lissafi ba na takarda ba ne a wurina.

Bayan Fastnet jirgin ya ci gaba da tara shaidu. Willy Ker ya kai Assent ruwan ƙanƙara na arewa da na kudancin duniya, sau da yawa shi kaɗai. John Kretschmer ya ɗauki wani mai suna Gigi daga New York zuwa San Francisco ta Cape Horn, ƙarshen kudancin nahiyar Amurka, a 1984, gaba da iska. A farkon 2003 wani yaro ɗan shekara 15, Seb Clover, ya ƙetare Atlantika shi kaɗai a irinsa, daga Tenerife zuwa Antigua.

Amma ina jin tsoron yadda masu sayarwa ke amfani da waɗannan labarai. Assent a 1979 bai kai shekara goma da ƙerawa ba, yana hannun mutanen da suka san shi ciki da bai. Wanda za a nuna maka yau ya haura shekara 40, kuma sunan da ke jikinsa ba zai riƙe maka ginshiƙi ba. A hunturunmu na farko dattijo ya nace sai mun cire ƙarafan da wayoyin ginshiƙi ke ɗaure a jikinsu, masu lanƙwasa kamar ƙugiya biyu da suka ratsa rufin jirgin. Daga sama suna walƙiya. Da muka zaro su, ɗaya ya tsage a daidai inda yake ɓoye cikin faiba, inda ruwan gishiri ya daɗe yana kwana ba iska. Ba laifin ƙira ba ne, tsufa ne da rashin dubawa. Da mun fita da shi a haka ranar Cherbourg, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Muka canza su duka, muka canza wayoyin, muka canza famfunan da ke ratsa jikin jirgi a ƙarƙashin ruwa. Duk wanda zai saya ya ɗauko mai binciken jirage da ya san wannan ƙira, ya sa a duba waɗannan ƙarafa, a ƙwanƙwasa madogarin allon juyawa a ji ko ruwa ya shige shi, a buɗe tankin ruwan sha da ke saman kil a ga ko ya yi ƙuraje, a taka rufin gaba a ji ko yana lotsawa.

Cikinsa kuwa, gaskiya ɗaya ce: matsattse ne. Kana saukowa daga tsani, madafa tana hagu, teburin taswira yana dama da gado ɗaya a bayansa da ya shige ƙarƙashin mazauni. Gaba kaɗan kujeru biyu suna fuskantar juna da tebur, sai ban-ɗaki, sai gado mai tsini a goshi. Tsayina ƙafa 5 da inci 10, ina miƙewa sosai a bakin ƙofa, amma ina matsawa gaba sai in sunkuya. Ban-ɗakin ba wurin wanka, alwala ma sai da dabara, na fi yin ta a waje da buta. An ce yana kwanar da mutum biyar ko shida. Uku ne daidai, huɗu idan sun saba da juna. Maiɗakina ta kwana a ciki sau ɗaya a Yarmouth, washegari muka shiga jirgin maƙwabcinmu mai tsawo ɗaya, ta ga ɗakuna biyu masu ƙofa da wurin wanka da firij, ta dube ni ta ce, “Malam, ai wannan shi ne gida, naku rami ne.” Ban yi mata musu ba, don a bakin gaɓa gaskiyarta ce.

A teku ne wannan matsi ke zama alheri. Idan jirgi ya karkata yana tsalle, faffaɗan ɗaki wurin faɗuwa ne, za a wurga ka ƙafa goma kafin ka samu abin kamawa. A namu duk inda ka tsaya akwai abin dafawa a hannun dama da hagu. Mai girki yana tokare ƙugunsa ya saki hannu biyu ya yi aiki. Gadajen tsakiya suna daidai inda motsi ya fi sauƙi, ka ɗaura tamfol ɗin gefe ka yi barci na gaske. Teburin taswira babba ne, irin na zamanin da ake aiki da takarda da fensir, kuma har yau muna shimfiɗa taswirar takarda a kai ko da na'ura tana aiki.

Wasu laifuffukan ba su da wani alheri a ɓoye. Ginshiƙin ya ratsa rufi ya zauna a kan kil, abin da ke ƙara masa ƙarfi, amma ruwan sama yana bin cikinsa ya taru a ƙasa, kullum sai an yi famfo. Tagoginmu sun yi yoyo har sai da muka cire muka sake liƙa su. Wurin ajiya kaɗan ne, tankin ruwa ƙarami ne, tafiyar da ta wuce kwana uku sai da jarkoki. Da inji, idan za ka ja da baya a matsattsiyar tasha, sai ya fara jan gindi gefe guda kafin ya saurari sanda, kuma na ɗauki damina guda kafin na koyi amfani da wannan jan maimakon faɗa da shi. Idan iska tana bayanka kai tsaye a babban ruwa, yana gara dama da hagu ba tsayawa, har kwanuka su yi ta kiɗa a ma'ajiya. Tsarin ƙyallayensa na yayin shekarun 1970 ne, babban ƙyalle ƙarami, na gaba ƙato, don haka duk juyi sai ka ja igiya har kafaɗa ta gaya maka. Gudunsa kuma yana da iyaka. Jirgin da ƙafa 24 kawai ke cikin ruwa ba ya wuce not 6 da rabi sai dai in raƙumi ya tura shi. A iska mai sauƙi jiragen zamani suna wuce mu. Idan ta kai mataki na 6 kuma ana sarar ta, mu ke wuce su, wasunsu ma sun riga sun kunna inji sun koma.

Maganar kuɗi. Mun saye shi a kan ɗan abin da ya haura fam 25,000, kuma a shekara biyun farko mun kashe kusan rabin wannan a gyara da sababbin ƙyallaye, duk da cewa yawancin aikin da hannunmu muka yi. Mun yi sa'a mai shi na baya ya riga ya sa sabon injin dizal. Da wannan kuɗin za ka samu jirgin da ya fi shi ƙuruciya da shekara 15, ya kuma fi shi ɗaki nesa ba kusa ba. Contessa yana da tsada a kan girmansa saboda sunansa, sai dai sunan nan yana riƙe masa daraja ranar da za ka sayar. Akwai ƙungiyar masu irinsa, suna da rukunin kansu a makon tsere na Cowes, kuma duk matsalar da ta same ka wani ya riga ya gamu da ita ya san maganinta. Kuɗin wurin ɗaurewa a yankin Solent, ruwan da ke tsakanin tsibirin Wight da gaɓar Ingila, shi ne babban nauyi, shi ya sa muka haɗu mu uku, muka kuma ɗaure shi a kan tulun ɗauri a cikin kogi maimakon tasha mai gada, muna zuwa wurinsa da ɗan kwale-kwalen roba.

Idan abin da kake so shi ne ka ɗauki iyali ranar Asabar ku je wani lungu mai kwanciyar ruwa, yara su yi iyo, a ci abinci a sarari, a kwana kowa da ɗakinsa, kada ka sayi Contessa 32. Za ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba, ka rasa sararin da kake buƙata kullum, kuma iyalinka za su gaji da shi kafin kai. Idan kuwa niyyarka ka bar ganin ƙasa, ku biyu ko uku, ka san wata rana hasashe zai ce 5 a wayi gari da 7 kuma babu tashar da za ka fake, ban san jirgi mai wannan girma da wannan farashi da zan sa a gabansa ba.

Yanzu haka yana tudu, a farfajiyar da na fara ganinsa. Aikin hunturun bana shi ne mu sauke allon juyawa mu canza abin da yake juyawa a kai, don ya fara ɗan motsi da bai yi ba shekara shida da suka wuce, sannan mu ɗinka wa babban ƙyalle layin ragewa na uku. A watan Yuni, in Allah ya kai mu, muna so mu bi gaɓa zuwa Falmouth, mu jira iska, mu ƙetara zuwa kudancin Ayilan. Abokiyar aikina tana so mahaifinta ya ga jirgin a Baltimore ta Ayilan, ni kuma ina so in ga hasumiyar Fastnet da idona, daga mazaunin matuƙi.